Tabar Wiwi a Amurka: Jiya da Yau a Bakin Kundayen Hukuma

Duk wanda ya san birnin New York a shekarun 1980, sa'an nan Allah ya ja kwanansa ya sake taka titunansa a wannan zamani, tun kafin idonsa ya tantance abin da ya sauya, hancinsa zai riga ya ba shi labari. Domin warin nan mai kauri, mai maƙalewa a tufafi, wanda a da sai mutum ya ratsa wani lungu ko ya bi ta ƙarƙashin matattakalar tsohon bene yake jin ɓurɓushinsa, yau shi ake shaƙa a bakin tashar jirgin ƙasa, da ƙofar kanti, da dandalin da iyaye mata ke kai yara wasa. Abin da ya ɓace shi ne raɗa. A wancan lokaci mai sayar da tabar wiwi ba ya haɗa ido da kowa, sai dai ya jingina da bango, ya sauko da hula, ya furta kalma ɗaya ƙasa-ƙasa yayin da mutum ke giftawa. In ciniki ya faɗa a yi musabaha, 'yar ƙaramar ambulan ta wuce daga tafi zuwa tafi, kowa ya kama gabansa yana waige. Yau kuwa kanti ne mai ƙofar gilashi, da shaidar lasisin jiha manne a jikinta, da mai gadi yana duba kati don ya tabbata mai shiga ya kai shekara 21. A ciki kaya na jere a kwalabe da fakiti, har da alewa da cakulan, in an biya a ba da rasit, harajin gwamnati a rubuce a ƙasansa. Jihar New York ta halatta abin a watan Maris na 2021, kantin farko mai lasisi kuma ya buɗe a Manhattan ranar 29 ga Disamba, 2022.

Mu da muka tashi a hannun dattawan ƙasar Hausa, wannan al'amari ya fi yi mana nauyi a zuciya fiye da 'yan ƙasa, saboda mun taso a inda saurayi, ko da sigari yake sha, in ya hango babba tafe sai ya dunƙule ta a tafin hannu, ya gwammace ta ƙone shi da a ga hayaƙi na fita daga bakinsa. Wanda kuwa aka taɓa kiransa ɗan wiwi, to, ranar da iyayensa suka je nema masa aure za su ga sakamako, don binciken magabata ba ya tsallake wannan. Da irin wannan tarbiyya jama'armu suka ƙetare teku, 'yan Zango na Ghana da mutanen Nijar da na Nijeriya da suka yi mazauni a Bronx da Harlem, inda bayan sallar Isha'i dattijo kan tsayar da samari a ƙofar masallaci ya tsoratar da su da abu biyu, fushin Ubangiji da kamun hukuma. Yanzu da ɗan sanda ke wucewa ta gefen mai busawa bai ko ɗaga kai ba, sai dattawa suka shiga cewa an bar hanya, da can ne ake da doka. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, haka magabata suka ce. Amma kafin mutum ya yi kukan bara ya kamata ya san irin damanar da aka yi a cikinta, kuma Amurka, duk da laifuffukanta, tana da wata ɗabi'a da ke sauƙaƙa wannan bincike, ita ce rubuta kome da adana shi, ga kuma doka tun 1966 da ta ba mutum ikon neman a buɗe masa kundayen hukuma, in an hana shi ya kai ƙara.

Kundi na farko na Harry Anslinger ne, wanda ya riƙe hukumar tarayya mai kula da miyagun ƙwayoyi tun kafa ta a 1930 har zuwa 1962, takardunsa kuma suna ajiye a jami'ar jihar Pennsylvania. Mutumin nan ya tara yankakkun labaran jarida na kisa da ta'asa waɗanda aka jingina wa wiwi, yana karanta su ga 'yan majalisa da masu wa'azin coci da ƙungiyoyin iyaye, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne labarin wani saurayi a garin Tampa na jihar Florida, Victor Licata, da ya hallaka mahaifansa da 'yan'uwansa uku da gatari a watan Oktoba na 1933. Da masu bincike na baya suka koma ga takardun asali, sai suka tarar 'yan sanda sun nemi a kai shi asibitin mahaukata tun shekara guda kafin aukuwar abin, iyayensa suka roƙa aka bar musu shi, likitocin da suka duba shi bayan kisan kuma suka ɗora lalurar a kan taɓin hankali na gado da ke cikin dangin. Wannan sashe na labarin bai taɓa fitowa daga bakin Anslinger ba.

A zaman kwamitin Majalisar Wakilai na 1937, wanda ya haifi dokar da ta toshe cinikin wiwi ta hanyar haraji, an rubuta kowace kalma, shi ya sa har yau ake iya karanta yadda Dakta William Woodward, likita kuma lauya mai wakiltar ƙungiyar likitocin Amurka, ya tsaya yana tambaya a kawo hujja: ina ƙididdigar hukumar gidajen yari, ina ta ofishin kula da yara, ina ta ma'aikatan lafiya, alhali abin da aka shimfiɗa a gaban kwamiti bai wuce labaran jarida ba? Maimakon amsa sai 'yan kwamitin suka yi masa ca. Doka ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, kafin mako ya zagayo an kama wani lebura a Denver, Samuel Caldwell, aka yanke masa shekara 4 a kurkukun Leavenworth. Da yaƙin duniya ya tsananta, Japan ta datse hanyar zaren da ake tuƙa igiyar jiragen ruwa da shi, sai ga ma'aikatar gona a 1942 ta shirya fim tana kwaɗaitar da manoma su shuka dangin wannan tsiro domin zarensa. Bayan yaƙi fim ɗin ya yi ɓatan dabo, hukumomi suna cewa ba su san da shi ba, har sai da aka gano rajistarsa a laburaren Majalisa a 1989. A 1944 kuma kwamitin likitocin da magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya sa su yi bincike, suka ba da rahoton cewa ba su ga shaidar wiwi ce ke haddasa manyan laifuffuka ba, ko ita ce ke tura mutum ga hodar heroin. Anslinger ya yi fatali da rahoton, dokar 1951 ta zo ta wajabta ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba ga wanda aka kama da ita karon farko.

Inda kundayen suka fi ban mamaki shi ne zamanin Shugaba Nixon. A 1970 aka yi sabuwar doka da ta kasa ƙwayoyi aji biyar, aka sa wiwi a aji na ɗaya tare da heroin, ajin abin da aka ce ba shi da wani amfani na magani. Wasiƙar da babban jami'in lafiya Roger Egeberg ya aika wa Majalisa ta nuna an yi haka ne na wucin gadi, kafin a kammala bincike. Aka naɗa kwamiti na mutum 13, tara daga cikinsu zaɓin Nixon ne da kansa, shugabansu Raymond Shafer, tsohon mai gabatar da ƙara, tsohon gwamnan Pennsylvania, ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa. Ranar 22 ga Maris, 1972 suka miƙa rahoto, suna cewa a ci gaba da hana mutane sha ta hanyar tarbiyya da faɗakarwa, a ci gaba da hukunta mai fatauci don riba, amma a daina ɗaure mutum saboda ɗan abin da ya ajiye a ɗakinsa. Nixon ya ƙi. Abin da jama'a ba su sani ba a lokacin shi ne, shugaban ya dasa na'urar naɗar murya a ofishinsa, kuma da aka saki faya-fayan bayan shekaru, sai aka ji shi a watan Satumba na 1971, tun rahoto bai kammala ba, yana jan kunnen Shafer kada kwamitinsa ya fito da abin da ya saɓa wa ra'ayin Majalisa da na fadar gwamnati; a wani faifan na watan Maris 1973, wanda labarinsa ya bazu a 2024, aka ji shi yana amsa wa mataimakansa cewa ya san wiwi ba ta da wani haɗari na musamman, yana kuma kushe ɗaurin shekara 30 da aka yi wa wani. Wata huɗu bayan wannan zance ya kafa DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da fadar shugaban ƙasa aka haƙa shi.

Haka nan kundin hukumar bincike ta FBI a kan mawaƙin nan na Ingila, John Lennon, ya nuna yadda laifin wiwi kan zama sanda a hannun mai mulki: tarar da aka ci shi a Landan a 1968 ita aka fake da ita a 1972 ana neman korarsa daga Amurka, alhali takardar da Sanata Strom Thurmond ya aika wa gwamnati ta bayyana cewa abin tsoron shi ne tasirinsa a kan matasa masu adawa da yaƙin Vietnam a shekarar zaɓe. Wani malamin tarihi, Jon Wiener, ya nemi kundin a 1981, shafukan ƙarshe ba su fito ba sai 2006. A 1988 kuma alƙalin cikin gida na hukumar DEA, Francis Young, bayan ya saurari shaidu, ya ba da shawarar a sauko da wiwi aji na biyu domin likitoci su iya rubuta ta. Shugaban hukumar ya ƙi karɓa. A daidai waɗannan shekaru gwamnatin da ke cewa ganyen ba shi da amfanin magani tana noma shi a gonar jami'ar Mississippi, tana naɗe shi kara-kara, tana aika gwangwani mai ɗauke da kara 300 ga wasu tsirarun majinyata, na farkonsu Robert Randall mai ciwon hawan jinin ido.

Wa ya biya kuɗin wannan tufka da warwara? Talaka, musamman baƙar fata. A 2007 kaɗai, bisa ƙididdigar FBI, an yi kame sama da 870,000 a kan wiwi, mafi yawa 'yan sandan jihohi da na birane suka yi, mafi yawa kuma don mallaka ne kawai. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙi ta ACLU na 2013 ya nuna baƙar fata ya fi fari yiwuwar shiga hannu kusan ninki huɗu, alhali yawan shan nasu kusan ɗaya ne. A New York, a wancan zamani, dokar 1977 ta ce ƙasa da giram 25 a ɓoye tara ce kawai, bayyana ta a fili shi ne laifin kamu. Sai ɗan sanda ya tare yaro a hanya ya ce masa fito da abin da ke aljihunka, yaro ya yi biyayya ya fito da shi, shi ke nan ya bayyana a fili, a buga masa ankwa. A 2011 an yi irin wannan kame sama da 50,000 a birnin. Yaron da ya kwana a caji ofis ya fito da tabo a takardarsa, tabon kuma ya bi shi wajen neman aiki da gidan haya da tallafin karatu. Dattijon da ke kewar wancan zamani, in ya yi adalci, zai tuna cewa 'ya'yan unguwarsa ne aka fi jingina da bango ana lalube.

Daga 1996, da Kalifoniya ta halatta wiwi don magani, kiɗa ya fara sauyawa. Jihohin Kolorado da Washington suka halatta ta ga kowane baligi a 2012, har adadin irin waɗannan jihohi ya kai 24. Shugaba Biden ya yi afuwa a watan Oktoba na 2022 ga kimanin mutum 6,500 da kotunan tarayya suka taɓa samu da laifin mallaka. Ma'aikatar lafiya ta ba da shawara a 2023 a mayar da ganyen aji na uku, hujjojinta masu shafi 252 ba su fito fili ba sai da wani lauya ya kai ƙara, ma'aikatar shari'a kuma ta gabatar da ƙudurin sauyin a watan Mayu na 2024, shekara 54 bayan matakin da aka ce na wucin gadi ne. Ribar a bayyane take: kame ya ragu ƙwarai, an goge tabon dubban mutane, mai ciwon daji da amai ya galabaita shi ya sami sauƙi ba tare da fargaba ba, masana kuma sun sami sararin bincike.

Sai dai kundayen da suka tona asirin masu tsanani ba su rufa wa masu sakaci ba. Ganyen da DEA ke kamawa ana auna shi shekara da shekaru, kuma awon ya nuna sinadarin da ke bugarwa, wanda masana ke kira THC, ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014, tatattun mayukan da ake sayarwa a kantuna kuwa sukan haura kashi 60. Tsakanin abin da kwamitin Shafer ya bincika da abin da ke cikin kwalaben yau akwai ratar da ke tsakanin tattasai da attaruhu. Majalisar masana kimiyya ta ƙasar, a rahotonta na 2017, ta tabbatar da amfaninsa ga wasu cututtuka, ta kuma tabbatar da alaƙa mai ƙarfi tsakanin yawan shansa da taɓin hankali. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun haɗiye alewar wiwi sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. A 2022 masu shan wiwi kullum ko kusan kullum sun kai miliyan 17.7, sun zarce masu shan giya kullum. Ɗan kasuwa kuwa ba ya cin riba daga mai taɓawa jefi-jefi, ribarsa tana wuyan wanda ya kamu, saboda haka duk dabararsa ta ƙare a kan ƙara ƙarfi da ƙara zaƙi. Shafer bai nemi wannan ba. Shi ya ce kada a ɗaure mai sha, bai ce a buɗe wa attajirai kasuwa ba. Wata hasarar kuma, wadda ba ta shiga ƙididdiga, ita ce kunya, domin yaron da ya ga abu a kanti mai lasisi da wuya ya yarda abin ɓoyewa ne. Ya kamata baƙi ma su sani cewa dokar shige da fice ta tarayya ce, ba ta bin ta jiha, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba yana iya rasa takardunsa a kan abin da maƙwabcinsa ke yi lafiya lau.

Malaman Musulunci sun riga sun ratsa wannan kwari tun ƙarni na 13, lokacin da hashisha ta yaɗu a Masar da Sham. Ba su yi saɓani a kan haramcin gusar da hankali da ita ba, amma sun yi saɓani a kan uƙuba: Ibnu Taimiyya ya riskar da ita ga giya ya wajabta haddi, shi kuwa Imamu Ƙarafi, malamin Malikiyya, a littafinsa Alfuruƙ, ya sa ta cikin masu ɓata hankali waɗanda hukuncinsu ta'aziri ne, gwargwadon abin da alƙali ya ga zai tsawatar. Maƙrizi ya ba da labarin wani amiri a Alƙahira, Sudun Shaikhuni, wanda wajen shekara ta 780 bayan Hijira ya sa aka tumɓuke shukar, aka riƙa cire haƙoran masu cinta, amma ba a yi shekara arba'in ba sai ga ta ana ci a bainar jama'a. Izinar da ke ciki ita ce, haramcin abu mas'ala ce dabam, gwargwadon horon mai aikata shi mas'ala ce dabam, kuma mai cakuɗa su yakan faɗa ɗayan ramuka biyu, ko dai ya zalunci mai laifi da sunan kishin doka, ko ya wanke laifin da sunan tausayi.

Wannan zance ya shafe mu ta hanyar yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda Amurka ta yi ruwa ta yi tsaki wajen ƙulla ta, ƙasashenmu kuma suka gina dokokinsu a inuwarta. Dokar soja ta 1966 a Nijeriya ta tanadi kisa ko ɗauri mai tsawo ga mai noman wiwi, da shekara 10 ga mai sha, kafin a sassauta a 1975. Aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar, a 1989. Amma binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shanta miliyan 10.6 a ƙasar. Da aka kaɗa ƙuri'a a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a Vienna a watan Disamba na 2020 kan cire ta daga jerin mafi tsanani na waccan yarjejeniya, aka ci da 27 a kan 25, Nijeriya tana cikin masu cewa a'a. Jiya an aro tsanani daga waje, gobe za a zo mana da tallar sassauci daga wajen, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Hukuncina a kan wannan tarihi shi ne, zamanin Anslinger da Nixon bai cancanci kewa ba, domin an gina shi a kan ɓoye abin da masu bincike suka gano. Zamanin kantunan gilashi kuma bai cancanci guɗa ba, domin ya miƙa lafiyar matasa ga masu neman riba. Abin koyi a wurin Amurkawa shi ne kundin kansa, da haƙƙin buɗe shi. Nijeriya tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Ina kira ga malamai da likitoci da 'yan jaridarmu su yi aiki da ita, su tambayi mutum nawa ake kamawa, 'ya'yan su wane ne, nawa aka ɗaure, nawa aka yi wa magani, nawa suka koma ruwa, domin duk dokar da za a yi a kan wiwi, ta tsanani ko ta sauƙi, a yi ta bisa hujjar da kowa zai iya dubawa.